Jar Mota da Babbar Rigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na ɗauki surukina a sabuwar motata, kuma ko da na so in manta, mutanen Dakoro ba za su bar ni ba. Har yau in na ji wata mota ta yi kuka mai ƙarfi a bakin kasuwa, sai in sunkuyar da kai kamar ni aka kira.

Ni ƴar rumfa gare ni a kasuwa, ina sayar da dusa da gishiri da kanwa ga makiyayan da ke gangarowa daga Azagor da Tagris. Lakwal, wato makarantar boko, a aji shida na tsaya. Kuma tun ina yaro ni mutum ne mai fargaba. In na kulle rumfa, sai na dawo daga rabin hanya na sake jan kwaɗon. In na auna wa Bafillace dusa, sai in bi shi da ƙarin tafi ɗaya, kada a je lahira a tarar tiyar ba ta cika ba. (Matata Rakiya takan ce da za a biya ni kuɗin damuwa, da tuni na gina bene.) Na faɗi wannan ne don ku san cewa abin da ya faru ba ganganci ba ne. Da tunani na yi shi. Tunanin ma har ya yi yawa.

Cikin Rakiya na fari ya zo da gardama. A ɗakin haihuwa aka ce aikin ya fi ƙarfin nan, sai Maraɗi, motar marasa lafiya kuwa ta riga ta fita da wani. Muka samu wata tsohuwar motar kasuwa, wadda sai an tsaya a hanya an ba ta ruwa kamar jaki. Ina zaune a baya, kan Rakiya bisa cinyata, ina kallon itatuwa suna wucewa a hankali, a hankali. Kafin mu isa, yaron ya koma. Namiji ne. Ita Allah ya tashe ta. Kowa ya ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, amma magana ɗaya ta shige kaina ta zauna: da motar tana da gudu.

Da Allah ya sake ba ta ciki, mahaifinta ya aiko daga garinsu, Ajekoriya. Alhaji manomi ne kuma mai sayen hatsi, mutum mai magana ɗaya. Ya ce da zarar cikin ya tsufa zai zo ya ɗauke ta ya kai ta wajen gwaggonta a Maraɗi, ta zauna kusa da likita har ta sauka, har ta yi arba'in. Magana ce ta hankali, ni ma na sani. Amma raina ya ƙi. Na ga kaina watanni ni kaɗai a gida, ita tana can, in wani abu ya taso ba na kusa. Sannan, in faɗi gaskiya, na ji kamar ana ce mini: mun ba ka sau ɗaya, ka kasa. Mutum ba ya jayayya da surukinsa, don haka na roƙi wani dattijon unguwarmu ya je ya ba shi haƙuri, ya ce masa zan sayi mota mai gudu, ko da wane lokaci abin ya taso za a kai ta. Dattijon ya dawo da amsa gajera: «Ya ce in ka saya, zai zo ya gani.»

Na sayar da bijiman da na yi kiwo, na sayar da babur ɗina, na ɗaure abin da ya samu a ƙugu na nufi Maraɗi. A filin da ake sayar da motoci na gane cewa kuɗina ƙanana ne. Manyan motocin nan masu tsawon ƙafa, irin waɗanda ke shiga daji, ko tambaya ban yi ba. Waɗanda kuɗina ke iya kaiwa kuwa duk gajiyayyu ne, ƴan uwan wadda ta kai mu wancan karon. Ina tsaye ina share zufa sai wani dillali mai suna Ilu ya matso.

«Malam, mi kake bida?»

Na ce, «Mai gudu.»

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi kamar wanda ya daɗe yana jirana. Ya ja ni can ƙarshen fili, ya yaye wani tanti. Ja ce jawur, tana ƙyalli, ƙofa biyu, ta kwanta a ƙasa kamar damo a kan dutse. Ya ce sabuwa ce, Bature ne ya ɗan taɓa ta ya aje. Ya tada ta, ta yi wani gurnani da na ji har cikin haƙorana. Ya nuna mini lambobin da ke jikin agogon gudu, na ga sun zarce duk wanda na taɓa gani.

«Wagga in ka taka ta daga Dakoro, kahin shayi ya huce kana Maraɗi.»

Da ya faɗi kuɗin, sai ga shi daidai aljihuna. Nan fargabata ta tashi. Na ce don me take da araha haka? Ya ce ai mutanen Maraɗi ba su san mota ba, sun fi son wadda za su loda wa buhuna. (A nan ya faɗi gaskiya tsantsa, ni ne ban saurara ba.) Na bincika komai. Na kawo makanike ya duba inji. Na duba takardunta baƙi bayan baƙi, kada ta zama ta sata. Na latsa tayoyi, na shinshina mai, na kwanta a ƙasa na leƙa cikinta. Har wani malami na samu na tambaye shi ko hawa jar mota yana shiga riya, ya ce ya danganta da niyya, na koma gefe na binciki niyyata. Tuƙi na iya tun ina yaron mota, permi ma, wato lasin tuƙi, ina da shi. Na shiga na zauna, na ji daidai ni. To, ni siriri ne kamar karan dawa, ko ta tagar rumbu ina iya shiga. Kujera biyu ce kawai ta kirki, bayan kuwa ko akuya sai ta naɗe ƙafa. Na ce ai mu biyu ne, ni da Rakiya. Na biya.

Da na iso gida Rakiya ta fito zaure tana dafe da bango, ta kalli motar, ta kalle ni.

«Malam, ina sauran ta?»

Mamman kuwa, ɗan gwaggona, abokin wasana wanda ba ya barin ta kwana, ya zagaya ta yana tafa hannu. «Kai, bawana, takalmi ka sawo ko mota? Ina na ɗayar ƙahwar?» Na yi banza da shi. Na rufe motar da tabarmi saboda rana da bakin mutane. Rakiya ta ce in ɗan zagaya da ita mana ta ji daɗin abin da aka saya dominta, na ce a'a, girgiza ba ta da kyau ga mai ciki, ga warin isansi, wato fetur. Ko zama a ciki ban bar ta ta yi ba. Ina tattalinta, ita da motar, kowace a gefenta, sai ranar da za su haɗu.

Alhaji ya zo ranar Juma'a da hantsi. Ƙaton mutum ne, ga tsawo ga jiki, gwiwoyinsa kuma sun fara ba shi wahala, da sanda yake tafiya. Ya sa farar babbar riga ta shadda wadda ta sha bugu, tana amo in ya motsa. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, hannuna bai taɓa taɓa jikinsa ba. Daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Haka na yi ranar. Ya amsa gaisuwa, ya shiga ya ga Rakiya, ya sha fura, sannan ya fito ya ce a buɗe masa abin da aka saya.

Na kwashe tabarmi. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ɗan ƙwanƙwasa taya da sanda. Bai ce tana da kyau ba, bai ce ba ta da shi ba.

«To. Lokacin masallaci ya yi. Kai ni da ita, in ji gudun da aka ce.»

Na buɗe masa ƙofa na ja da baya. Ya miƙa mini sanda, ya juya, ya tattara rigarsa, ya nemi kujera a inda kujerar mota take zama. Ba ta nan. Tana can ƙasa. Sai kawai ya tafi, kamar guga ya kuɓuce a rijiya, motar ta yi wani nishi ta ƙara kwantawa. Gwiwoyinsa suka taso har ƙirji. Hularsa ta tokare rufi, ta lanƙwashe, dole ya cire ta ya riƙe a hannu. Ranar na fara ganin kan surukina ba hula. Na kawar da ido, na tura sandar ta bayan kujera, na rufe ƙofa a hankali, na zagaya na shiga.

Ban taɓa lura da ƙuncin motar ba sai lokacin. Kafaɗarsa tana gab da tawa, ina jin numfashinsa da ƙamshin turarensa. Na manne da ƙofata kamar ƙadangare. Na tada inji, na sa bitesi na fari, wato giyar tashi, muka motsa. A daidai nan Alhaji ya saki rigar da ya tattara don ya gyara zama. Shadda ta bazu, ta rufe tsakaninmu gaba ɗaya, ta binne sandar bitesin, gwiwarsa kuma ta jingina a kanta.

Duk wanda ya san mota ya san ba a tafiya da bitesi na fari, ana tashi ne kawai a canza. Ni ma na sani. Amma kafin in canza, sai na cusa hannuna ƙarƙashin rigar surukina, na lalubo sandar, na ture gwiwarsa. Na kalli wurin ta gefen ido. Na ɗaga hannu, na mai da shi. Na ce a raina in ce masa, «Baba, a ɗan janye riga,» sai na ji kamar ina ce masa ya cika mini mota. Na ce in yi shiru in ja shaddar da yatsa biyu, sai na tuna in ya ji ana jan rigarsa zai juyo mu haɗa ido. Ina cikin wannan shawara da kaina har muka hau babban titi.

Haka muka ratsa Dakoro. Injin yana kururuwa kamar ana yanka raƙumi, motar kuwa tana tafiyar hawainiya. In na ƙara taka ta don mu yi sauri, kukan ya ninka, mutane su fito daga rumfuna. In na sassauta, ta riƙa tuntuɓe tana jijjiga dattijo. Masu babur suna wuce mu suna leƙowa. Wata tsohuwa mai tallan fura ta jera da mu tun daga wajen masu gyaran taya, ba mu rabu ba sai da ta gaji da ƙarar ta canza hanya. A kan tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, cikin motar ya karci ƙasa, ƙiiii, har Alhaji ya ce, «Subhanallahi.» Wani wari kamar na ƙonannen roba ya fara tasowa.

Can ya ɗaga murya don in ji shi. «Wanga shi ne gudun?»

Na ce, «Ranka ya daɗe, tana da wanda ya fi haka.»

«To, ina aka aje shi?»

Ban iya cewa yana ƙarƙashin rigarka ba. Na ce, «Ranka ya daɗe.»

Mun isa an yi nisa da huɗuba. Cikin masallaci ya cika, jama'a sun shimfiɗa tabarmi a waje har bakin hanya. Ƙararmu ta riga mu zuwa, don haka duk sahun waje ya juyo. Na kashe inji, shiru ya sauka, irin shirun da ya fi ƙarar injin ciwo. Na fito da sauri na buɗe masa ƙofa, na cire takalmi na durƙusa a gefe, ina jiran ya fito.

Bai fito ba. Ya fidda ƙafa ɗaya, ya yunƙura, kujerar ta mai da shi. Ya kama bakin ƙofa ya sake yunƙurawa, gwiwa ta ƙi. Ni kuma ina durƙushe sai na lura da wani abu da ya ƙara ruɗa ni: ko a durƙushe, kaina ya fi nasa bisa. Na ƙara duƙawa. Na ce, «Sannu, Baba.» Ya yunƙura. Na ce, «Sannu, Baba.» Ban san sau nawa na faɗa ba.

Daga ƙarshe ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, «Kai, yaro, kama ni.»

Ya miƙo hannu. Wallahi na so in kama. Amma hannuna da ya je, sai ya kauce da kansa ya kama bakin hannun riga. Na ja da ƙarfina duka. Babbar riga kuwa kun san ba a ɗaure take ba. Rigar ta taho, mutumin ya zauna. Ta zame ta kansa, ta rufe masa fuska, na ji ɗinkin wuya ya ce ɓarrr, na tafi da baya na zauna daɓas da rabin shadda a hannuna. Ya sa hannu ya yaye sauran daga fuskarsa, ya rage daga shi sai ƴar ciki, kai ba hula, a gaban mutanen da ke sayar masa da hatsi shekara da shekaru.

Ladan ya tada iƙama. Alhaji bai sake neman taimakona ba. Ya juya a gicciye, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya jawo jikinsa ya fito da rarrafe, kamar yaron da ke koyon tafiya. Ni kuwa, da na ga surukina a ƙasa bisa hannuwa da gwiwoyi, kaina ya ɗauke. Abu ɗaya kawai na tuna, cewa bai kamata in fi shi tsawo ba. Sai na kwanta. Rub da ciki, a cikin rairayi, haɓata a ƙasa, rigarsa a hannuna, ina cewa, «Sannu, Baba.»

A cikin wannan shirun ne muryar Mamman ta taso daga sahu. «Ku jira liman mana, bayin Allah, ba a kai sujada ba!»

Wasu suka toshe baki, wasu suka kasa. Dattawa biyu suka fito daga sahu suka ɗaga Alhaji, ɗaya ya yafa masa rigar yadda ta samu, ɗaya ya kakkaɓe masa gwiwa. Ni ba wanda ya ɗaga ni. Mun samu sallar a can ƙarshe, a rana, ba tabarma. Ban san abin da liman ya karanta ba, daga baya ma sai da na je na tambaya ko sallata ta yi.

Da aka sallame, Alhaji ya karɓi sandarsa ya taka da ƙafa har gidana, da gwiwar nan tasa. Na bi shi a baya daga nesa, na bar motar a inda take. A zaure ya zauna, na durƙusa a bakin ƙofa, ina jiran faɗa. Da ya yi faɗan da na ji sauƙi. Amma sai ya ce cikin sanyin murya:

«Na san abin da ya sa ka saye ta. Wanda ya koma, ni ma jikana ne, ban manta ba.» Ya numfasa. «Amma ni tuwo kaɗai ke cikina, ka ga yadda munka ƙare. Ita da ke ɗauke da mutum, tana naƙuda, ta ina za ka sa ta? In ka sa ta, wa zai hidda ta?»

Duk binciken da na yi, inji da takardu da niyya, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Da la'asar ya tafi da ita. Motar haya ta tasha suka shiga, ya saya mata gidan gaba ita kaɗai don ta miƙe ƙafa. Na kai mata kayanta. Ta leƙo ta taga, idonta ya yi ja, amma sai da ta yi ƙoƙarin murmushi. «Malam, ka riƙa cin abinci. Kuma kwaɗon gida sau ɗaya ake ja.» Motar ta tashi tana hayaƙi, a hankali, na tsaya har ta ɓace.

Watannin nan da na guda, sai da na yi su, ni kaɗai, da jar mota a ƙofar gida wadda ko kaza ba ta samun inuwa a ƙarƙashinta. Ranar da Rakiya ta sauka ina rumfa ina auna dusa. Gwaggonta ce ta kira ni a waya ta ce an samu ɗiya mace, uwa da ɗiya lafiya. Na gode wa Allah, na zauna a kan buhun gishiri na yi kuka, makiyayin da nake auna wa yana tsaye da buhunsa a buɗe. Ba na kusa. Kuma da ina kusa, da ni da motata ba abin da za mu ƙara.

Motar har yanzu ban samu mai saye ba, kowa ya zo sai ya tambaya ko ita ce ta masallaci. Wannan bai dame ni ba kamar abu ɗaya: tun daga ranar Alhaji bai sake yin Juma'a a Dakoro ba. Ya ce wai hanya ta yi wa gwiwarsa nisa. Na ɗinka masa sabuwar riga na aika, ya karɓa ya sa albarka, amma ban taɓa ganinta a jikinsa ba.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma da tsada na saye shi. In za ka sayi abu domin wani, ka zaunar da shi a ciki tukuna kafin ka tambayi gudunsa. In kuma babba ya miƙo hannu ya ce ka kama shi, to ka kama hannun. Kunyar da na yi ta tattali don kada in taɓa gwiwar surukina, ita ce ta sa shi rarrafe a gaban gari.